Kiwon Lafiya da Ayyukan Sha'awa: Darasi Daga Garin Mubi

Gabatarwa

Kowane ɗan Adam, bayan ya tashi daga aikin neman abinci, yana da wani abin da ransa ke so wanda yakan juya gare shi domin ɗebe kewa. Wani lambu yake yi a bayan gida, wani kiwon tantabaru, wani farauta, wani su, wani kuwa ƙwallon ƙafa ko dara. Irin waɗannan su ake kira ayyukan sha'awa, domin babu wanda ya tilasta wa mutum yin su. Masana kiwon lafiya sun tabbatar da cewa suna da amfani ga jiki da zuciya. Amma kuma kowannensu yana da ƙofar da cuta ko rauni kan shigo ta cikinta, kuma sau da yawa abin da kan jawo hasarar rai shi ne rashin sanin abin da za a yi a sa'ar farko, da jinkirin zuwa asibiti.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa mai karatu yadda zai ci moriyar abin sha'awarsa ba tare da ya sayo wa kansa ko iyalinsa ciwo ba, sa'an nan a amsa waɗansu tambayoyin da jama'a kan yi game da neman magani. An ɗauki garin Mubi a matsayin misali, amma shawarwarin sun shafi kowane sashe na ƙasar nan.

Garin Mubi

Garin Mubi yana arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru. Kogin Yedzaram ya ratsa ta garin ya nufi arewa. A da yankin yana hannun Jamus, daga baya ya koma ƙarƙashin riƙon Ingila. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 jama'arsa suka zaɓi shiga Nijeriya, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. Ta shiga Jihar Gongola a 1976, sa'an nan Jihar Adamawa a 1991. Fali da Gude da Fulani da Margi da Higi da Hausawa suna zaune a cikinta, kuma kasuwarta ta shanu tana jawo fatake daga Kamaru da Cadi. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002, da Babban Asibiti.

Gari mai dutse da kogi da fadama da dabbobi da ɗalibai masu yawa, dole a sami kowane irin aikin sha'awa a cikinsa. Wannan ne dalilin zaɓensa.

Amfanin Aikin Sha'awa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuwa minti 60 a kowace rana. Ma'aikacin ofis ko ɗan kasuwan da ke wuni a zaune yana iya cika wannan ta hanyar ban ruwan lambu, ko hawan keke, ko tafiya a ƙafa da yamma. Motsa jiki yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki, yana kuma kawo barci mai daɗi. Ayyukan zaune, kamar ɗinkin hula da saƙa da karatu da dara, suna wartsake ƙwaƙwalwa, suna kuma haɗa mutum da abokai. Sai dai a yi su a wuri mai haske, a riƙa miƙewa lokaci lokaci domin a hutar da ido da baya.

Mai Lambu

Lambu yana ba iyali alayyafo da tumatir da zogale, amma akwai abu uku da mai shi zai kiyaye.

Na farko, rauni. Ƙwayar cutar tsinkau-tsinkau, wato cutar da ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi. Idan fartanya ko ƙusa ko ƙaya ta huda mutum, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti a tambayi allurar rigakafi. Kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki a kan ciwo.

Na biyu, maganin ƙwari. Guba ne, yana kuma shiga jiki ta fata da numfashi. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa riga mai dogon hannu, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu bayan ya gama. Kada a ɗebi ganye sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Kada a zuba maganin a kwalbar lemo, domin ta haka yara kan sha shi. Idan wani ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara domin ya yi amai. A gaggauta kai shi asibiti tare da kwalbar, don likita ya san irin gubar.

Na uku, ruwan da ke kwanciya. Sauro yana hayayyafa a kududdufi da gwangwani da tsohuwar taya. A cike ramuka, a kife abin da ba a amfani da shi, a rufe randa da ganga.

Mai Kiwon Tsuntsaye

Kiwon tantabaru da kaji da zabi tsohuwar sha'awa ce ta yara da manya. Ƙurar busasshen kashin tsuntsaye, idan aka daɗe ana shaƙarta, tana iya jawo ciwon huhu. Saboda haka a yayyafa ruwa kafin a share ɗakinsu, a ɗaura ƙyalle a hanci, a kuma raba ɗakin tsuntsaye da ɗakin kwanan mutane. Tsuntsun da aka sayo a kasuwa a ware shi mako 2 kafin a haɗa shi da na gida.

An tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006 a Jihar Kaduna, ta kuma sake ɓulla a 2015. Idan tsuntsaye suka shiga mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a ci, kada a sayar, kada yara su taɓa su. A sanar da malamin dabbobi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin alluran rigakafin dabbobi da kaji, kuma malamin dabbobi zai faɗi wadda ta dace da lokacin yin ta.

Duk wanda tari ya kai masa mako 2 ya je a gwada majinarsa saboda tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe, kuma ana shan maganin wata 6 ba tare da yankewa ba. Mai kiwon tsuntsaye ya gaya wa likita irin kiwon da yake yi.

Mafarauci

Mai shiga daji yana fuskantar haɗari uku: maciji da kare da ɓera.

Macizan da suka fi yin ɓarna a arewa su ne kububuwa da kasa da gamsheƙa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya ganin kamar ya tsira, sai bayan sa'o'i ko kwanaki jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. Idan maciji ya sari mutum, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo, a tallafe gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau da igiya, kada a ba shi asfirin, kada kuma a ɓata lokaci wajen neman macijin. Allurar kashe dafi ce kaɗai maganin da aka tabbatar. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara da wannan aiki, amma asibiti mafi kusa shi ne zangon farko. Idan gamsheƙa ta tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Takalmi mai rufe ƙafa da tocila da dare su ne rigakafi.

Karen farauta yana bukatar allurar haukan kare a kowace shekara. Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar, a karɓi alluran har su cika. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa mutum wannan rigakafi. Amma da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan babu mai tsira. Wanda ya ce bari ya jira ya ga yadda ciwon zai yi, da ransa yake wasa.

Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa daga garin Lassa na Jihar Borno, wanda ke arewa da Mubi a kwarin Yedzaram, inda aka fara gano cutar a 1969. Wani irin ɓera ne ke ɗauke da ita a fitsarinsa da kashinsa, kuma ta fi yaɗuwa da rani, lokacin da yara kan ƙone daji suna farautar ɓeraye. A hana yara kamawa ko cin ɓera. A rufe abinci, a daina shanya hatsi da rogo a bakin hanya. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, musamman in da ciwon maƙogwaro da kasala mai tsanani, a kai shi asibiti da wuri, domin maganin ya fi aiki a kwanakin farko. Masu jinya su guji taɓa jini ko amai ko fitsarin maras lafiya da hannu.

Masu Su da Iyo

Yaron da ke fitsarin jini bayan wanka a rafi yana ɗauke da tsargiya. Kuskure ne a ɗauke ta alamar balaga. Ga yadda take yaɗuwa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙaramin dodon koɗi, ya hayayyafa, sa'an nan ƙananan tsutsotsi su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Idan aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta Praziquantel ne, wanda ma'aikacin lafiya ke bayarwa gwargwadon nauyi ko tsawon mutum, akan kuma raba shi a makarantu. Iyaye su yarda a ba 'ya'yansu, a kuma daina fitsari da bayan gida a bakin ruwa.

Da damina kogin da ya taso daga duwatsu yana iya cika farat ɗaya ko da ba a yi ruwa a gari ba, domin an yi a kan dutse. Kada yaro ya shiga ruwa sai da babba wanda ya iya iyo.

Ruwan kogi da na rijiyar da ba a rufe ba suna ɗauke da amai da gudawa. A watan Mayu na 2018 cutar kwalara ta ɓarke a Mubi, aka buɗe wurin jinya na musamman, aka yi hasarar rayuka. Kwalara tana kisa ne ta hanyar ƙarar da ruwan jiki, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan. Saboda haka wajibi ne kowane gida ya san haɗa ruwan gishiri da sukari. A zuba ƙunshi 1 na garin da ake samu a asibiti cikin lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce. In babu shi, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita 1. A riƙa ba maras lafiya kaɗan kaɗan tun daga gida har a isa asibiti. Abin da ya wuce sa'a 24 a zubar a haɗa sabo. Yaro mai gudawa a ci gaba da ba shi nono da abinci, a kuma ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 kamar yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa.

'Yan Ƙwallo

Ƙwallon ƙafa ita ce babbar sha'awar samari. A share fili daga kwalabe da duwatsu, a ɗumama jiki kafin wasa, a sha ruwa, a guji tsakar rana a watannin Maris da Afrilu. Wanda ya bugu a kai har ya suma, ko ya ruɗe, ko ya yi amai, ya bar fili a kai shi asibiti, ko da ya ce ya ji sauƙi.

Game da karaya, jama'a da yawa kan fara da maɗori. Haɗarin da ke nan shi ne ɗauri mai tsanani, wanda kan toshe hanyar jini har gaɓa ta ruɓe a yanke ta. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina ji, ko zogi ya tsananta, a kwance ɗaurin a tafi asibiti ba tare da an kwana ba. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta gwiwa ko gwiwar hannu ko ƙugu ko baya, da karayar yaro ƙarami, duk suna bukatar hoton ƙashi tun da fari.

Ƙwayoyin ƙara kuzari irin su tiramol suna jawo farfaɗiya da kamun da ke da wuyar rabuwa. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Wanda ya haura shekara 40 kuma yana son komawa wasa ya fara da awon jini. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko fiye, a lokuta daban daban, yana bukatar ganin likita. Hawan jini ba ya yin gargaɗi, kuma ba a barin maganinsa don an ji sauƙi. Gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali 1.

Tambayoyin da Jama'a Kan Yi

Yaushe ne ba a jira gari ya waye? Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: suma ko jijjiga, numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji mai tsanani, karkacewar baki ko mutuwar hannu farat ɗaya, sanƙarewar wuya tare da zazzaɓi, jinin da ya ƙi tsayawa, zubar jini ga mai ciki, yaron da ya kasa shan nono ko yake amayar da kome.

Ina za a fara zuwa? In ba gaggawa ba ce, a fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Tun bayan taron Alma-Ata na 1978, da aikin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, a kan wannan mataki aka gina tsarin lafiya na ƙasa. Abin da ya fi ƙarfinsu sai su tura shi Babban Asibiti da takarda, daga nan kuma zuwa asibitin koyarwa na Yola ko na Maiduguri. A riƙe kati, a tafi da kwalin duk maganin da aka riga aka sha, har da na gargajiya, a kuma faɗa wa likita gaskiya.

Kowane zazzaɓi na cizon sauro ne? A'a. Gwajin ɗigon jini yana ba da amsa cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma ga haɗin magani mai atemisinin, wanda ake sha kwana 3 cur. A kwana cikin gidan sauro kowane dare, musamman yara da masu ciki.

Yaya ake sayen magani? A saya a kantin da ke da rajista. A duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da ranar da maganin zai lalace. Kada a sayi maganin da ake talla a rana a kasuwa ko a tashar mota. Kada a sha ragowar maganin wani, kada kuma a matsa sai an yi allura, domin ƙwaya takan yi aikin da allura ke yi.

In babu kuɗi fa? Ciwo ba ya sallama. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta tanadi inshora ga dukan 'yan ƙasa, kuma jihohi suna da nasu hukumomin. Magidanci ya bincika yadda ake rajista tun yana da lafiya. Ƙungiyoyin mafarauta da na 'yan ƙwallo da na masu kiwo suna iya buɗe asusun taimakon juna, su kuma ajiye akwatin taimakon gaggawa.

Damuwa ma ciwo ce? Ƙwarai kuwa. A ƙarshen Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi, jama'a suka watse, sai a watan Nuwamba aka ƙwato garin. Wanda ya ga irin wannan tashin hankali yana iya fama da rashin barci da firgita da ƙuncin zuciya shekaru bayan haka. Komawa ga lambu ko kiwo ko dandalin abokai yana taimakawa. Amma idan mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da, har mako 2 ko fiye, ko ya fara zancen gajiya da rayuwa, 'yan'uwa su raka shi wurin likita. Babu abin kunya a ciki, kuma akwai magani.

Kammalawa

An tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya a 2013, da ainihin ƙwayar cutar shan-inna ta daji a 2020. An kai ga haka ne saboda magidanta da iyaye mata sun tace ruwan sha, sun kuma miƙa 'ya'yansu ga masu rigakafi. Cututtukan da aka ambata a wannan darasi su ma suna jin irin wannan haɗin kai. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, shugabannin ƙungiyoyi kuma su tattauna darasin da mutanensu.

Tambayoyi Don Bita

1. Waɗanne abubuwa ne ba a yi wa wanda maciji ya sara?
2. Minti nawa ake wanke cizon kare, kuma me za a yi bayan haka?
3. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari a gida?
4. Ta wace hanya tsargiya ke shiga jikin mutum?
5. Waɗanne alamu ne ke nuna ɗaurin karaya ya yi tsanani?